Daga Notion zuwa PostgreSQL: yadda na ja bututun bayanan ofishinmu

1/
Masu tambayata ta inbox yadda ake janyo bayanai daga Notion a zuba su a PostgreSQL, ga amsarku a wuri ɗaya, don na gaji da turawa ɗaya bayan ɗaya. Zaren zai yi tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. 🧵

2/
Inda nake aiki muna ba mutane sola bashi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Mai cajin waya, tela, mai kemis, mai sayar da ruwan sanyi. Akwai yara masu zagayawa karɓar kuɗi, akwai Hajiya mai riƙe da lissafi, akwai Alhaji mai kamfanin. Komai nasu a Notion yake: teburin kwastomomi, teburin kayan da aka girka, teburin biyan kuɗi.

3/
Kada wani ya zo min da zancen "ai da tun farko manhaja kuka gina". Notion ya yi musu rana. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya koye shi a kwana biyu a wayarsa. Hajiya tana ƙara shafi ko ta canza tsari ba sai ta jira wani injiniya ya ga dama ba. Ban zo raba su da shi ba.

4/
Abin da ya kawo ni shi ne irin tambayar da Alhaji yake jefowa ranar Litinin da safe: "Injiniya, cikin waɗanda muka ba kaya da damina, mutum nawa ne suka tsallake wata biyu a jere, kuma a hannun wane yaro suke?" Kafin Hajiya ta haɗo amsar nan sai ta sauke tebur uku, ta buɗe Excel, ta yi kwana biyu tana ɗinki. Kafin ta gama, wasu sun biya, lissafin ya tsufa. A SQL kuwa tambayar ba ta wuce layi goma sha biyar ba.

5/
To shi ne aikin. Notion rijiya, PostgreSQL tankin sama, ni kuma na ja bututu na sa inji a tsakani. Ruwa hanya ɗaya yake bi, daga rijiya zuwa tanki. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

6/
Farko makulli. Za ka ƙirƙiri abin da suke kira integration, su ba ka wani dogon rubutu na sirri wanda da shi kod ɗinka zai riƙa gabatar da kansa. Samun makullin kaɗai bai buɗe maka komai ba. Sai an shiga kowane tebur an haɗa shi da integration ɗin. In ba a haɗa ba, amsar da za ka samu ita ce 404, kamar teburin ma babu shi a duniya. Yawancin masu turo min "ya ƙi yi" nan suke maƙalewa.

7/
Na zaɓi izinin karatu kawai. Kod ɗina ba shi da ikon gyara ko harafi ɗaya a Notion. Kuma don Allah, makulli ba abin turawa a guruf na WhatsApp ba ne, ba kuma abin liƙawa cikin kod a ɗora a GitHub ba ne. Duk wanda ya same shi zai karanta sunan kowane mai bashi da lambar wayarsa da unguwarsu.

8/
Kowane kira kuma sai ka faɗi sigar API ɗin da kake magana da ita, a wani kan saƙo mai suna Notion-Version. Sigar kwanan wata ce. Ni na gina nawa a kan 2022-06-28. Amfanin abin shi ne in sun fito da sabon tsari, naka ba zai wayi gari a karye ba.

9/
Sai awo. Notion ba ya juye maka tebur gaba ɗaya. Mudu-mudu yake aunawa, kuma mudun ba ya wuce layi 100. A ƙarshen kowace amsa akwai has_more, wato ko da saura, da next_cursor, wato alamar inda ka tsaya. Ka mayar masa da alamar, ya auno maka na gaba. Haka har has_more ya ce babu.

10/
Akwai kuma iyakar gudu: kira uku a daƙiƙa ɗaya a matsakaici. In ka matsa da yawa za su mayar maka da 429, tare da Retry-After mai gaya maka daƙiƙa nawa za ka jira. Ka jira ɗin. Kod ɗin da ya ga 429 ya ƙara ƙaimi, kamar mai adaidaita ne da ke danna hon a cunkoson Kurna, ba inda za shi.

11/
Mu yi lissafi ku ga inda gizo ke saƙa. A ce tebur yana da layi 6,000. Kira 60 ke nan, a ƙa'ida daƙiƙa 20. Ba komai. Amma a Notion kowane layi shafi ne, kuma abin da aka rubuta a cikin shafin ba ya biyo layin. Sai ka je ka tambayo shi daban, shafi-shafi. Kira 6,000 a kan uku a daƙiƙa ya haura minti 33, kuma in a cikin rubutun akwai wani rubutun a lulluɓe, sai ka sake komawa. Saboda haka na zauna da Hajiya na tambaye ta ko akwai abin lissafi da ake rubutawa a cikin shafukan. Ta ce sai dai "ya ce a dawo Juma'a" da makamantansu. Na bar musu kayansu a can.

12/
Shawarar da na fi alfahari da ita a duk aikin ba ta da wani ƙyalƙyali. Duk abin da Notion ya turo, kafin in taɓa shi, ina zuba shi yadda ya zo a wani tebur na ɗanyen kaya: lambar shafi, lokacin da na ɗebo, da amsar gaba ɗayanta a jsonb. PostgreSQL ya samu jsonb tun siga ta 9.4 a 2014, don haka ba wani sabon abu ba ne. Daga wannan ɗanyen nake tace tebura masu tsafta. In gobe Alhaji ya nemi wani abu da ban tace ba, ba sai na koma rijiya ba, yana nan a tanki. Kuma in abu ya canza, ba na goge tsohon, sabon layi nake ƙarawa.

13/
Amsar Notion kuwa kamar kayan lefe take, akwati cikin akwati. Sunan kwastoma kaɗai sai ka buɗe properties, ka buɗe sunan ginshiƙin, ka buɗe title, ka tarar da jerin guntaye, kowane da plain_text ɗinsa. In wani ya kaurara rabin sunan ya bar rabi, guntu biyu za ka samu. Mai ɗaukar na farko kaɗai zai tashi da rabin suna. Haɗe su duka ake yi.

14/
Ga wata kuma. Mutanen ofis suna canza sunan ginshiƙi yadda suke canza hoton WhatsApp. Yau "Kuɗin da aka biya", gobe "An biya", jibi wani ya maƙala masa alamar kuɗi don ya yi kyau. Kowane ginshiƙi yana da id wanda ba ya canzawa ko an canza sunan. Da shi na ɗaure kod ɗina. Hajiya ta canza suna sau nawa ban ma sani ba, kuma bai dame ni ba.

15/
Zubawa a tebur mai tsafta da INSERT ... ON CONFLICT DO UPDATE nake yi, lambar shafin Notion ita ce shaidar layi. In layin sabo ne ya shiga, in yana nan a sabunta shi. Ma'ana ko sau goma na kunna injin a jere, sakamako ɗaya ne, ba za a wayi gari biyan wani ya ninka ba. In netwok ya yanke a tsakiya, ka sake kunnawa kawai.

16/
Ba kullum ake kwashe rijiya duka ba. Kowane shafi yana da last_edited_time, sai ka ce a ba ka waɗanda aka taɓa tun zuwanka na ƙarshe. Amma lokacin nan a minti yake tsayawa, ba ya nuna daƙiƙa. In ka ɗiba da ƙarfe 10:05 da daƙiƙa 20, wani ya gyara layi da 10:05 da daƙiƙa 50, tambarinsa 10:05 ne cif. Ka zo zagaye na gaba ka ce "bayan 10:05 da daƙiƙa 20", layin nan ya wuce ka har abada. Ni ina komawa baya minti biyar kowane zagaye. Maimaici ba ya cutar da ni saboda abin da na faɗa a sama.

17/
Yanzu ga wadda za ta iya sa ka yi wa bawan Allah ƙazafi. Teburin kwastoma yana da alaƙa da teburin biya, wato a layin kowane mutum ana ganin duk biyan da ya yi. In ka ɗebo layin ta API, alaƙar nan guda 25 kawai take zuwa da su, sauran sai ka bi ta wata ƙofa daban. Mu kuwa muna da masu biyan wata 30, wata 36. Ka ga mutumin da ya fi kowa cika alkawari, wanda ya shekara biyu da rabi bai tsallake ba, shi ne zai fito a rahoto da giɓin wata biyar. Sabon shiga kuma ya fito fes.

18/
Maganin ba wuya. Ta ɓangaren biya nake ɗebowa. Kowane biya kwastoma ɗaya yake nunawa, ba zai taɓa kai 25 ba. A PostgreSQL sai in haɗa su da kaina. Haka ma jimillar da Notion ke lissafawa da rollup da formula, ba na dogara da ita wajen rahoto. Ni nake sake lissafin daga tushe, sannan in kwatanta da tasu. In sun saɓa, a duba.

19/
Hotunan rasit: adireshin da API ke bayarwa na fayil ɗin da aka ɗora a Notion awa ɗaya yake yi ya mutu. Ajiye adireshin banza ne. Ko ka sauke hoton nan take ka adana a wurinka, ko ka sake tambaya duk sanda kake so. Ni saukewa nake yi.

20/
Duk waɗannan na inji ne, suna rubuce a takardunsu, mai haƙurin karatu zai gani. Abin da ya fi cin lokacina na mutane ne. Lambar waya da aka zuba a ginshiƙin lamba, sifilin farko ya faɗi, 0803 ta koma 803. Wani ya rubuta da +234, wani ya raba da tazara. Kuɗi: wani 15000, wani 15,000, wani 15k a wurin bayani. Garin nan guda ɗaya na same shi a matsayin Ɗambatta, Dambatta, Danbatta da 'Dambatta. A wurin kwamfuta garuruwa huɗu ne, kuma Ɗ da D ba su haɗa dangi ba.

21/
Ban goge ƙugiyar haruffa ba. Na ga masu yin haka don sauƙi, ni dai ban yarda ba. Sunan mutum yadda aka rubuta shi haka nake adana shi, sai in yi wani ginshiƙi na gefe marar ƙugiya don bincike kawai. Garuruwa kuma na roƙi Hajiya ta mayar da su jerin zaɓi, a daina rubutawa da hannu. Gyara ɗaya a bakin rijiya ya fi kod layi ɗari a bakin tanki.

22/
Sai agogo. Tamburan lokaci na Notion a UTC suke zuwa, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Yaron da ya shigar da biya da ƙarfe 12:30 na daren 1 ga wata, a UTC 11:30 ne na daren ƙarshen watan jiya. Kuma yaranmu da dare suke shigar da na yini, in sun koma gida sun huta. Rahoton wata zai iya kwashe kuɗin wannan wata ya kai wancan. Ina adanawa a timestamptz, in juya zuwa Africa/Lagos kafin in yanka wata. Kuɗi kuma a numeric, ban da float.

23/
To ga babbar. In aka jefa shafi a kwandon shara a Notion, tambayar tebur ba ta ce maka "an goge wannan". Kawai ba za ka sake ganinsa ba. Mai ɗebo sababbi kaɗai ba zai taɓa sani ba, layin zai zauna a tankinsa kamar yana raye. Don haka kowane dare ina zagaye na biyu: in karɓo lambobin duk shafukan da ke nan, in kwatanta da nawa. Wanda ya ɓace ba na goge shi. Ina sa masa alama da ranar da na daina ganinsa.

24/
Wata uku da fara aiki, wani tela ya zo ofis ransa a ɓace. An kira shi an ce ana binsa wata biyu, shi kuma ya rantse ya biya, a hannun yaronmu mai zagayen unguwarsu. Rasit ɗin takarda ya ɓata a shago. Aka buɗe Notion, babu biyan. Aka duba kwandon shara, ba a ga komai ba, don ba ya riƙe abu har abada. Yaron yana tsaye, idonsa ya yi ja, yana cewa wallahi ya shigar. Alhaji bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsoratarwa ke nan. Ya ce masa, "Kai, je ka gida tukuna, za mu neme ka." Duk wanda ya yi aiki a irin wuraren nan ya san ma'anar wannan.

25/
Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma kafin ya tafi." Na buɗe teburin ɗanyen kaya. Biyan nan biyu suna nan, da ranar da aka shigar, da asusun yaron a matsayin wanda ya shigar, da hoton rasit ɗin da na sauke tun a lokacin. Duka biyun sun ɓace rana ɗaya, tare da wasu layuka goma sha. Na karanto ranar. Hajiya ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, ranar ce aka yi sharar layukan da suka maimaitu." Akwai wani kwastoma mai suna iri ɗaya da telan, kuɗin wata iri ɗaya, sai aka ɗauka biya ɗaya ne aka shigar sau biyu.

26/
Kuɗin ma suna banki, sun shiga tun lokacin, kawai ba a san na wa ba ne. Aka ba tela haƙuri. Yaron ya koma zagayensa. Bai ce min komai ba ranar, washegari na tarar da fura a kan tebur.

27/
Abin bai tsaya nan ba. Da Alhaji ya ga tanki yana tuna abin da rijiya ta manta, sai ya ce, "Injiniya, ashe kana ganin komai. To ka riƙa kawo min duk sati wa ya taɓa me, ƙarfe nawa ya fara aiki, ƙarfe nawa ya daina." Kuma gaskiya ana iya fitar da wani abu mai kama da haka, don kowane shafi yana ɗauke da wanda ya ƙirƙira da wanda ya taɓa na ƙarshe.

28/
Na ce masa lissafin zai yi ƙarya. Wanda ya taɓa na ƙarshe kawai nake gani a kowane zagaye, in mutum uku sun gyara tsakanin ɗiba biyu, ɗaya zan gani. Kuma yaron da ya yini a rana a ƙauyen da ba sabis, ya shigar da komai da tsakar dare, zai fito kamar malalaci. Wannan dalilin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ne. Wanda ban faɗa ba shi ne, ranar da yaran nan suka gane injina ɗan leƙen asiri ne, za su koma rubutu a takarda su riƙa shigar da abin da ya zama dole kawai, ni kuma tankina ya cika da laka. Mun tsaya a kan cewa tarihin yana nan, ana buɗe shi in an samu saɓani a kan kuɗi. Bai ji daɗi sosai ba. Har yanzu yakan taso da maganar.

29/
Tun da ana zancen wa ke ganin me: tanki ya tara sunaye da lambobin waya da basussukan mutane a wuri ɗaya, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Masu duba rahoto na ba su asusun da ke ganin jimilla da unguwa, ba ya ganin lambar waya. Mutum biyu ne ke iya buɗe ɗanyen teburin.

30/
Ina injin yake zaune? Ba a laftof ɗina ba. Mu kamfanin sola ne, wuta ba ta cikin matsalolinmu, amma laftof yana bina gida, yana bina biki. Ƙaramar saba muka yi haya, Python da cron, duk minti 15 ya ɗebo sababbi, da dare ya yi zagayen ƙidaya. A saman kowane rahoto na sa a rubuta lokacin ɗiba na ƙarshe da manyan haruffa, kuma in aka yi awa biyu ba a ɗiba ba saƙo yana shigo min a waya. Bututun da ya toshe shiru ya fi wanda ya fashe haɗari, don Alhaji zai ci gaba da yanke hukunci da lissafin makon jiya yana zaton na yau ne.

31/
Masu cewa me ya sa ban yi amfani da Airbyte ko Fivetran ba: suna da mahaɗin Notion, kuma in teburanka masu sauƙi ne ka gwada su kafin ka rubuta kod. Ni abin da ya fi min nauyi, wato Ɗambatta da sifilin waya da biyan wata 36, ko da su ma sai na zauna na yi shi da hannuna. Ga kuma biya da dala.

32/
Na ce zan dawo kan ruwa mai bin hanya ɗaya. Kusan duk wata sai wani ya ce in sa injin ya riƙa mayar da "ragowar bashi" cikin Notion don yara su gani a waya. Buƙata ce mai ma'ana, ban raina ta ba. Amma da zarar tanki ya fara zuba wa rijiya, in lamba ta saɓa ba wanda zai iya cewa wacce ce ta asali, kuma duk rubutun da injina ya yi zai motsa last_edited_time, ya dawo ya sake ɗebo abin da shi ya rubuta. A yanzu dai kowane yaro yana samun jerin masu bashinsa da safe ta wani shafi daban na karatu kawai.

33/
Aikin da ke gabana shi ne ƙaura zuwa sigar 2025-09-03. A cikinta tebur ɗaya na iya ɗaukar tushen bayanai fiye da ɗaya, abin da suke kira data source, kuma tambaya ta koma kan tushen maimakon teburin kansa. Na roƙi Hajiya kada kowa ya ƙara tushe na biyu a teburin biya sai na gama. Ta rubuta a takarda ta manna a jikin allon kwamfutarta. Wanda ya riga ya yi wannan ƙaurar ya gaya min a ƙasa yadda ya yi da ginshiƙan alaƙa, don nan nake yanzu.